YouTube gidan haya ne: me ya sa ake rufe tashoshin matasanmu?

 Kamar kullum, ga shi a rubuce domin waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma waɗanda suka fi son su karanta a nitse.

Yau maganar YouTube za mu yi. Ƙorafin ya yi yawa. Wannan ya ce an buga masa sitiraik, wancan ya ce an cire shi daga monitaiz, wata ta ce waƙar da ta biya kuɗinta aka yi mata a situdiyo, ita ce aka dawo ana ce mata ba tata ba ce. Wani kuma kwana ya yi ya tashi ya tarar da tashar da ya shekara 3 yana ginawa babu ita babu dalilinta. To me ke faruwa ne? Zalunci ne, ko rashin sani ne, ko duka biyun? Bari mu bi abin daki-daki.

Amma kafin mu shiga intanet, ku zo mu fara leƙa Bompai da Sharada da Challawa. Za ku ga dalili.

Abin da ya faru da masaƙunmu

Wanda duk ya tashi a Dakata ko Ja'en ko Panshekara, ya ji labarin lokacin da jiniyar kamfani ke tashin unguwa. Bompai ita ce tsohuwa, tun zamanin Turawa aka fara kafa masana'antu a can, daga baya Sharada da Challawa suka biyo. A shekarun 1970 da 1980 masaƙu irin su Gaskiya da Bagauda suna cikin manyan masu ɗaukar ma'aikata a Kano, ga kamfanonin jima, ga na man gyaɗa, ga na alewa da na robobi. Yau wasu suna nan suna aiki, amma da yawa sun koma sito, wasu kuma kango.

Dalilan durƙushewar masaƙu suna da yawa: rashin wuta, tsadar baƙin mai, karyewar naira bayan tsarin SAP na 1986, da fasa-ƙwauri. Amma akwai guda ɗaya da ya shafi maganarmu ta yau, wato kwafi. Kamfani zai biya mai zane ya fitar da sabon zanen atamfa, ta shiga Kantin Kwari ta karɓu. Kafin a jima an ɗauki samfurin an kai China, an bugo irinta sak, wani lokacin har da tambarin kamfanin a bakin zanen, an shigo da ita a farashin da mai asali ba zai iya sayarwa ba. Wanda ya yi wahalar ƙirƙira ya tashi a tutar babu, wanda ya kwafa ya kwashe kasuwa.

Haka aka yi wa Kannywood. Tun daga Turmin Danya a 1990, harkar fim ta rayu ne a kan kaset, sannan faifan CD, ana hada-hada a Bata da Ƙofar Wambai. Masu satar fasaha suka yi ta buga na jabu, daga baya 'yan tura-tura suka zo, ka ba da ɗan canji a cika maka memori da finafinai. Kasuwar faifai ta mutu murus. Wannan ne ya kora masu fim zuwa talabijin da YouTube. Izzar So ta fara fita a tashar Bakori TV a 2020 ta nuna wa kowa cewa ana iya rayuwa da fim mai dogon zango a YouTube, ga kuma Labarina da sauransu.

To kun ga inda aka kwana. 'Ya'ya da jikokin ma'aikatan masaƙa su ne yau suke riƙe da waya suna ɗaukar barkwanci, suna sharhin ƙwallo, suna karanta littattafan Hausa, suna koyar da girki. Wani da rana yana kan injin roba a Sharada, da dare yana editin. YouTube ta zama masana'anta ta huɗu. Bambancin kawai, wannan masana'antar ba a Kano take ba, kuma mai ita ba ya zama da kowa kafin ya canja doka.

Dokokin da suka yi ta canjawa

An kafa YouTube a 2005, Google ya saye ta a 2006 a kan dala biliyan 1.65. A da, samun kuɗin talla ba shi da wuya sosai. A 2017 aka ce sai tasharka ta tara kallo 10,000. A farkon 2018 aka ɗaga abin gaba ɗaya: sai kana da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Ku lissafa da ni. Awa 4,000 minti 240,000 ke nan. Idan bidiyonka na minti 10 ne, sai an kalle shi daga farko har ƙarshe sau 24,000. A garin da mutum ke lissafin kowane megabait, musamman bayan ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin 100 da aka amince da shi a farkon 2025, wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

A Satumbar 2020 aka cire damar da masu kallo ke da ita ta taya mai tasha rubuta fassara a ƙasan bidiyo. Ga mai Turanci wataƙila ba komai ba ne. Ga mai Hausa da ke son wanda ba ya jin Hausa ya fahimci fim ɗinsa, an rufe wata ƙofa ce ta kyauta.

A 2021 abubuwa uku suka sauka kusan a jere. Na ɗaya, YouTube ta ba kanta ikon sa talla a bidiyon wanda bai kai ga monitaiz ba, kuma ba za ta ba shi ko sisi ba. Na biyu, harajin Amurka. Aka ce kowa ya cike bayanan haraji. Tunda Najeriya ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, ana cire kashi 30 cikin 100 na kuɗin da ka samu daga masu kallon da ke Amurka. Wanda kuma bai cike ba, ana iya cire masa har kashi 24 cikin 100 na duk abin da ya samu a duniya. Na uku, a Nuwamba aka ɓoye adadin waɗanda suka danna alamar rashin so. A da kafin ka ƙona datarka a kan bidiyon "yadda za ka samu dala 100 a rana", kallo ɗaya za ka yi wa adadin nan ka san damfara ce. Yanzu sai ka kalla tukuna.

Sai Shorts, wanda aka kawo don a yi gogayya da TikTok. Daga Fabrairun 2023 aka fara raba kuɗin tallarsa, amma kason mai tasha kashi 45 ne, alhali a dogon bidiyo kashi 55 ne. In ta Shorts kake son shiga monitaiz, sai ka tara kallo miliyan 10 cikin kwana 90, wato sama da 111,000 a kowace rana. Sannan a Yulin 2025 aka sake fayyace dokar abin da ake maimaitawa ko ake bugawa da yawa ba tare da wani ƙari daga mai tasha ba. Masu ɗora hoto ɗaya a bayan muryar na'ura suna cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Ku lura da abu ɗaya. Duk waɗannan canje-canjen, babu wanda aka yi da shawarar mai tasha a Kano. Saƙon imel ne kawai da Turanci, in ka gani ka gani, in ba ka gani ba kai ka jiyo. Shi ya sa na ce gidan haya ne. Kai ka yi fenti, kai ka sa labule, amma mai gida ne ke da makulli.

Kilem daban, sitiraik daban

Yauwa, yanzu mu zo kan haƙƙin mallaka, inda nan ne kuka ya fi yawa. Abu biyu ne mutane ke cakuɗawa, kuma rashin bambance su na jawo asara.

Na farko shi ne kilem na Content ID. Tun 2007 YouTube ke da wannan na'urar. Mai waƙa ko mai fim zai ba ta kwafin aikinsa, ita kuma ta ɗauki wani abu kamar zanen yatsa na sautin da hoton. Duk bidiyon da aka ɗora sai ta gwada shi da abin da ke rumbunta. In ta ga sun yi daidai, mai haƙƙi na da zaɓi uku: ya toshe bidiyon, ko ya bar shi amma kuɗin tallar ya koma aljihunsa, ko ya zuba ido kawai yana ganin adadin masu kallo. Kilem ba ya rufe tasha. Kuɗi yake ci.

Na biyu shi ne sitiraik. Wannan ba na'ura ba ce kawai, mai haƙƙi ne ya shigar da buƙata a hukumance a ƙarƙashin wata dokar Amurka ta 1998 da ake kira DMCA cewa a sauke bidiyon. In aka sauke, an buga maka ɗaya. Yana gogewa bayan kwana 90 in ka yi ɗan darasin haƙƙin mallaka da za su ba ka. Amma in suka taru uku, tasha ta tafi, duk bidiyoyinka sun tafi, kuma a ƙa'ida ba a yarda ka buɗe wata ba. Kuma a sani, goge bidiyon bayan an buga maka ba ya goge sitiraik ɗin.

Akwai wasu tatsuniyoyi da ke yawo a guruf-guruf, gara mu kashe su yau. Rubuta cewa "wannan waƙar ba tawa ba ce" a ƙasan bidiyo ba ya kare ka, shaida ma ka bayar a kan kanka. Babu wata doka da ta ce in bai kai daƙiƙa 30 ba halal ne. Juya hoton fim ko ƙara masa sauri ko sa masa firem, na'urar ta daɗe da sanin wannan wayon. Sannan ɗora muryar Hausa a kan fim ɗin Indiya ba ya mai da shi naka. Fassara aiki ne mai wahala, babu musu, amma ikon fassarawa kansa na mai fim ne, sai ya ba ka izini. Manyan kamfanonin Indiya irin su T-Series suna da Content ID, kuma ba sa barci.

Inda mai ƙorafi ke da gaskiya

To amma kada a ce laifin duk na matasanmu ne. Tsarin yana da ramuka, kuma ƙarami ne ke faɗawa.

Na farko, ba kowa ake ba Content ID ba. Sai manyan kamfanoni da masu tarin ayyuka. Ƙaramin mawaƙi sai dai ya bi ta hannun kamfanonin rarraba waƙa irin su DistroKid ko TuneCore. Su kuma waɗannan, akasari abin da mutum ya faɗa musu shi suke ɗauka. Wato wanda ya riga kai waƙa, shi na'ura ta sani, ko da ba shi ya yi ta ba.

Ku duba yadda muke aiki a nan. Makaɗi a situdiyo zai haɗa kiɗa a fiyano, ya sayar wa mawaƙa uku ko huɗu, babu takarda. Ɗaya daga cikinsu ya kai tasa wajen kamfanin rarrabawa ya kunna Content ID. Shi ke nan, sauran duk sun zama ɓarayi a idon na'ura. Ko furodusa ya biya mawaƙi ya yi masa waƙar fim, aka yi cinikin da baki, aka sha hannu. Bayan wata 6 mawaƙin ya sa waƙar a kundinsa ya rarraba, sai ga kilem a kan fim ɗin furodusan da ya biya kuɗin. A nan ba wanda ya yi niyyar cuta, amma kuɗi ya tafi inda bai kamata ba. Haka tsofaffin waƙoƙin gargajiya, za ka ga kilem daga wani kamfani da ko sunan garin mawaƙin bai sani ba.

Kuma kada ku ɗauka mu kaɗai ne. A Amurka an kama wasu mutum biyu da suka yi iƙirarin mallakar waƙoƙin Latin kusan 50,000 da ba nasu ba, suka kwashi sama da dala miliyan 20 tsakanin 2017 da 2021 kafin asirinsu ya tonu, aka ɗaure su. A 2019 YouTube da kanta ta kai wani mutum kotu saboda yana buga wa masu tasha sitiraik na ƙarya, sannan ya ce su biya shi ko ya buga na uku. Rahoton da YouTube ta fitar na rabin farkon 2021 ya nuna an yi kilem sama da miliyan 700 cikin wata 6 kacal. Waɗanda aka ƙalubalanta ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, amma a cikinsu kusan kashi 60 mai ɗora bidiyon ne ya yi nasara. Ma'ana, na'ura na kuskure, kuma wanda ya tsaya ya yi magana sau da yawa yana samun haƙƙinsa.

Na biyu, hanyar ɗaukaka ƙara ba ta yi wa talaka sauƙi ba. In ka ƙalubalanci kilem, ba YouTube ce ke yanke hukunci ba, wanda ya yi maka kilem ɗin ne ake ba kwana 30 ya duba. Wato wanda kake ƙara shi ne alƙalin farko. In kuma sitiraik ne kake son a janye ta hanyar martani a hukumance, sai ka ba da cikakken sunanka da adireshinka da lambar wayarka, a miƙa wa wanda ya kai ƙararka, kuma ka amince kotun Amurka na iya sauraron shari'ar. Shi kuma a ba shi kwanakin aiki 10 ya nuna ya shigar da ƙara, in bai yi ba a dawo da bidiyon. Yaron da ke karɓar albashin lebura a Challawa, da ya ga an ambaci kotun Amurka, ai sai ya haƙura ko da shi ke da gaskiya.

To ina mafita?

Ga inda nake son mu tsaya mu yi wa kanmu adalci. Abin da ya taimaka wajen kashe masaƙun Bompai da kasuwar faifai ta Bata shi ne babu mai tare ɓarawon fasaha. Yau ga wuri an samu inda in aka saci fim ɗinka za ka iya sa a sauke shi daga kan wayarka. Furodusan da ya kashe miliyoyi a kan shiri, ya ɗora ƙarfe 8 na dare, kafin ƙarfe 10 tasha biyar sun sake ɗorawa, shi wannan dokar ce gatansa. Don haka matsalar ba dokar haƙƙin mallaka ba ce. Matsalar ita ce sandar tana hannun manya, mu kuma muna harkar miliyoyi babu ko fallen takarda. Ga abin da ke hannunmu:

Na ɗaya, takarda. Duk waƙa, duk kiɗa, duk labarin da ka saya, a rubuta: wa ya sayar, wa ya saya, nawa, kuma wa ke da ikon kai wa kamfanin rarrabawa. A sa hannu, a sa shaidu. Masu karanta littattafan marubuta a tasha, ku nemi izinin marubuciyar a rubuce, ba wai "ai ta san ni" ba. Najeriya na da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris 2023, wadda ta maye gurbin ta 1988, kuma ta taɓo harkar intanet. A dokar, haƙƙin waƙa da rubutu na nan har shekara 70 bayan rasuwar mai su. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, ku lissafa ku ga ko waƙoƙinsa sun zama na kowa. Hukumar Kula da Haƙƙin Mallaka ta Najeriya kuma tana karɓar rajistar ayyuka.

Na biyu, in za ka ɗora bidiyo, kada ka sake shi kai tsaye. Ka bar shi a ɓoye tukuna, YouTube na da matakin dubawa da zai nuna maka in akwai kilem kafin kowa ya gani. In akwai, kana iya yanke wurin, ko ka kashe sautin, ko ka canja waƙar. Akwai kuma rumbun kiɗa na kyauta a cikin YouTube Studio.

Na uku, in kana da gaskiya da hujja, ka ƙalubalanta, kuma da wuri. In ka yi cikin kwana 5 na farko, ana riƙe kuɗin tallar tun daga ranar da aka yi kilem har a warware. In ka makara, daga ranar da ka yi magana za a fara riƙewa. In kuma ka san ba ka da gaskiya, kada ka taɓa, domin kilem na iya rikiɗewa ya zama sitiraik. In mai haƙƙin ɗan gida ne, kira shi a waya, yana da ikon janyewa da kansa.

Na huɗu, ka ajiye asalin bidiyoyinka a wani wuri daban, ba a tasha kaɗai ba. Ka gina hanyar da za ka iske masoyanka ko da babu YouTube, ko Facebook ne, ko WhatsApp, ko Telegram. Ka nemi tallar 'yan kasuwar gida. Ga masu shinkafa da masu robobi da masu takalma nan a Sharada da Challawa, suna neman masu saye, kai kuma kana da masu kallo. Kuɗin da ya fito daga nan, babu na'urar da za ta karkatar da shi. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Na biyar, wannan na ƙungiyoyi ne. Mawaƙi ɗaya ba zai samu Content ID ba, amma masu fim da mawaƙa in suka haɗa ayyukansu wuri ɗaya, da rajista, da wanda zai tsaya musu, maganarsu za ta yi nauyi. Irin su MOPPAN, nan ne aikinku yake. Idan ba mu rubuta wa ke da me ba, wani a wata ƙasa zai rubuta da sunansa.

Jama'a, YouTube za ta ci gaba da canja dokokinta, yau ko gobe, kuma ba za ta tambaye mu ba. In kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. Iyayenmu sun ga yadda kwafi ya cinye musu sana'a suna ji suna gani, ba su da inda za su kai kuka. Mu muna da ɗan abin riƙewa, ko da bai cika ba. Mu san dokar, mu daina ɗaukar na wani, mu kuma kare namu da takarda.

Nan za mu dakata a yau. Wanda ya taɓa cin karo da kilem ko sitiraik, ya faɗa mana yadda ta kaya, wani zai ƙaru. Ku tura wa duk wanda kuka san yana da tasha ko yana shirin buɗewa. Allah Ya sa albarka a nema, Ya tsare mu da cin haƙƙin wani. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in sha Allahu. Wassalamu alaikum.